Ta yaya ake shigar da saƙon gado cikin ƙwayar halitta, kuma me ya haɗa allurar korona da maganin sikila?

Wata malamar firamare daga Kumo ta aiko mini da tambaya. 'Yarta mai shekara tara tana da sikila, kuma a hunturun bana kaɗai sau biyu ana kwantar da ita a asibiti a Gombe. Ta ji a rediyo cewa a Amurka an fara warkar da ciwon ta hanyar gyara ƙwayoyin gado. Da ta ba yayanta labari, shi da ya ƙi yarda a yi masa allurar korona, sai ya ce mata ai abin da ya guda ke nan tun farko, allurar da ke shiga jiki ta sauya halittar mutum. Tana so ta san ko abu ɗaya ne, yadda ake shigar da irin wannan magani cikin jiki, da kuma ko 'yarta za ta iya samu.

Malama, Allah Ya ba yarinya lafiya, Ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi. Aikina a ɗakin gwaje-gwaje ne da aji, na shafe shekaru ina shigar da DNA cikin ƙwayoyin halitta a kwanon gwaji, kuma a gidanmu ma akwai masu sikila, don haka na san daren da ake kwana ana danna wa yaro ƙafa. Yayanki ya yi daidai ta fuska ɗaya: sana'ar da ta samar da allurar korona ita ce ta samar da wannan magani. Inda ya kuskure shi ne wurin da saƙon yake sauka da tsawon zaman da yake yi, kuma a nan duk bambancin yake.

Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, waɗanda a aji muke kira sel. Ki ɗauki kowace sel kamar shagon tela a babbar kasuwar Gombe ana saura mako biyu Sallah. A can ƙurya akwai babban littafin awo, wanda ba a fitowa da shi ko kaɗan. Wannan shi ne DNA, rubutu mai haruffa iri huɗu kacal, amma tsawonsa ya kai haruffa biliyan 3, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin gado kusan 20,000, kowace ɗaya awon wani abu ce da jiki ke buƙata. Idan ana son ɗinka wani abu, sai a kwafi awonsa a 'yar takarda a miƙo wa yaran da ke kan keke a gaban shago. 'Yar takardar nan ita ce mRNA. Yara su ɗinka, abin da suka ɗinka shi ne furotin, takardar kuma ta yi ɗan lokaci a yage ta a share. Hanyar a kullum daga ƙurya take fitowa zuwa gaban shago. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa idan mun zo maganar yayanki.

Sikila kuskuren harafi ɗaya ne a shafin da ke ɗauke da awon himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Inda ya kamata a ga A sai aka sami T. Wannan kaɗai ya sa jajayen ƙwayoyin jinin 'yarki ke lanƙwashewa kamar lauje idan iska ta yi musu ƙaranci, su toshe ƙananan jijiyoyi, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120 da na sauran mutane ke yi. Tun 1957 wani masani mai suna Vernon Ingram ya nuna ainihin gurbin da kuskuren yake a jikin furotin ɗin. Amma maganin farko da ya taɓa ƙwayoyin gadon masu sikila bai samu amincewar hukuma ba sai a ƙarshen 2023. Shekara 66 ke nan ana kallon kuskuren da ido. Rubuta awon da yake daidai ya daɗe da zama abu mai sauƙi, yau ɗalibin digiri na biyu zai yi odarsa a kawo masa a 'yar kwalba. Abin da ya ci mafi yawan shekarun nan shi ne neman ɗan aiken da zai kai takardar har cikin shagon da ake so, ba tare da ya yi ɓarna a hanya ba.

Dalilin wahalar kuwa, Allah Ya gina jiki ne a kan ƙin baƙon saƙo. Idan aka zuba RNA, wato irin 'yar takardar nan, tsirara a cikin jini, akwai sinadaran da aikinsu kawai su daddatsa shi, cikin 'yan mintoci babu shi. Wanda ya tsira ya isa bakin sel zai tarar da bango na maiƙo, shi kuma saƙon ƙato ne mai son ruwa, ga shi cajin lantarkinsa iri ɗaya da na fuskar bangon, sai su riƙa ture juna. Idan sel ta haɗiye shi, a cikin wata 'yar jaka mai tsami take saka shi, wadda ƙarshenta wurin narkar da shara ne. In DNA ne, bayan duk wannan da sauran ƙofar ƙurya. A kowane mataki kuma garkuwar jiki na sintiri, domin a wurinta baƙon DNA ko RNA alamar cuta ce.

Na fara ganin wannan da idona ina ɗalibi. An ba ni ƙwayoyin sel a wani kwanon roba mai faɗin tafin hannu, suna manne a ƙasa cikin ruwa mai launin zoɓo da aka tsarma, aka ba ni DNA mai ɗauke da awon wani furotin na wata halittar teku, wanda ke ƙyalli kore idan an haska masa shuɗin haske. Na zuba DNA ɗin haka nan a kwano ɗaya. A ɗaya kwanon kuma na fara gauraya shi da ɗigon wani maiƙo na musamman, na jira minti ashirin, sannan na zuba. Washegari muka kashe fitilar ɗakin, na sa ido a madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Kwanon farko duhu ne ƙirin. Na biyun kuwa kamar sararin sama a ƙauye daren da babu wata, ɗigo-ɗigon kore ko'ina, kowane ɗigo sel ce da ta karɓi takardata ta ɗinka abin da na ce. Saƙo iri ɗaya ne a kwanukan biyu, abin da aka naɗe shi a ciki ne ya bambanta. Har yau idan na tuna da safiyar nan tsigar jikina na tashi.

Masana sun fara da neman taimakon wanda ya riga ya san hanya, da ɗan gari akan ci gari. Bairas ba shi da wata sana'a a duniya sai wannan: ya shiga sel, ya miƙa tasa takardar, yaran shago su bar aikinsu su hau ɗinka masa 'ya'ya. Duk murar da kika taɓa yi, duk ƙyandar da yaro ya yi, saƙon gadon bairas ne ya shiga ƙwayoyin jiki. Ɗigon shan-inna da ake diga wa yaranmu a baki shi ma bairas ne mai rai da aka raunana, yana shiga sel da nasa RNA. Dabarar ita ce a kama bairas, a kwashe shafukan da yake hayayyafa da su da waɗanda ke sa cuta, a bar ɓawon da makullin shiga, a cusa masa takardarmu.

Wannan hanya ta ci rayuka kafin a iya ta, kuma bai dace a ɓoye ba. A 1990 aka yi gwajin farko a Amurka kan wata yarinya 'yar shekara huɗu da aka haifa ba ta da garkuwar jiki. A watan Satumban 1999 wani saurayi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, ya rasu a Jami'ar Fensilbaniya kwana huɗu bayan an ɗura masa bairas mai yawa a hanta. Garkuwar jikinsa ce ta tashi gaba ɗaya ta rikita masa gaɓoɓi. A Faransa da Ingila kuma an yi wa yara 20 marasa garkuwar jiki magani da wani bairas mai liƙa shafinsa a cikin littafin awo. Akasarinsu sun samu garkuwa, amma aƙalla biyar sun kamu da sankarar jini, ɗaya ya rasu, saboda shafin ya liƙu kusa da wata ƙwayar gado mai sa sel hayayyafa, ya kunna ta. Fannin ya yi kusan durƙushewa. Shekaru aka kwashe ana sake ƙera 'yan aiken.

Daga nan aka fahimci cewa 'yan aiken bairas iri biyu ne, kuma wannan rabe-raben yana da muhimmanci ga tambayarki. Akwai masu ɗinke shafinsu a cikin littafin, ya zauna har abada, duk sel ɗin da ta fito daga wannan sel ta gaje shi. Wanda aka fi amfani da shi yau a wannan rukuni daga bairas ɗin ƙanjamau aka ƙera shi. Na san jin haka na tayar da hankali, amma an cire masa kusan duk abin da ke cikinsa, ba ya iya hayayyafa kuma ba ya sa ƙanjamau. Gwanintarsa ta shiga ƙurya kawai aka ara. Akwai kuma masu shiga ƙurya su ajiye takardarsu a gefe ba tare da sun ɗinka ta a littafi ba. Wani ɗan ƙaramin bairas da ake kira AAV na cikinsu. Da shi aka yi Luxturna a 2017 don wata makanta ta gado, da Zolgensma a 2019 don ciwon da ke shanye tsokar jarirai. Aibinsa jakarsa ƙarama ce, haruffa kusan 4,700 kawai take ɗauka, kuma da wuya a maimaita shi, domin jiki ya riga ya gane fuskarsa.

Allurar korona ta farko da ta iso Nijeriya a ranar 2 ga Maris, 2021, ta AstraZeneca, kusan miliyan huɗu, daga wannan rukuni na biyu take. Bairas ɗin mura ne na birin cimfanzi, aka hana shi hayayyafa, aka ba shi awon ƙayar da ke jikin korona. Ta Johnson & Johnson ma haka take, sai dai da bairas na mutane. Sel ta ɗinka ƙayar, garkuwar jiki ta gan ta ta haddace kamanninta, ranar da korona ta gaskiya ta zo ta tarar ana jiranta. Rigakafin Ebola da aka gwada a Gini a 2015 wani bairas na dabbobi aka sa wa rigar Ebola. Abin da ya fi shafarmu a nan, da irin wannan ɗan aike aka ƙera wani rigakafin zazzaɓin Lassa da aka fara gwajinsa mataki na biyu a Abuja a 2024. Duk wanda ya san yadda Lassa ke ɗaukar mutane a jihar Bauchi da Taraba kowane rani, har da ma'aikatan jinya, ya san abin da samun wannan rigakafi zai zama gare mu.

Hanya ta biyu babu bairas a cikinta sam, jikanyar maiƙon nan ce da na zuba a kwano. Ana haɗa maiƙo iri huɗu, ciki har da kolestarol irin wanda ke jikin kowa, a harba su da ƙarfi su haɗu da ruwan da mRNA ke ciki, sai su dunƙule su zama ƙananan ƙwallaye da saƙon a tsakiya. Faɗin kowane bai wuce nanomita 100 ba; sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin silin gashi. Asirin yana wurin ɗaya daga cikin maiƙon huɗun. A cikin jini ba shi da caji, yana wucewa salin-alin. Da zarar sel ta haɗiye ƙwallon ta saka shi a jakar nan mai tsami, sai tsamin ya sa maiƙon ya ɗauki caji, ya cakumi bangon jakar ya yage shi, saƙon ya zubo gaban shago inda kekuna suke. Duk da haka kaɗan ne ƙwarai daga cikin saƙon ke tsira, mafi yawa a shara yake ƙarewa, amma kaɗan ɗin ya isa.

Ko wannan bai wadatar ba sai da aka gyara ita kanta takardar. Wata masaniya 'yar ƙasar Hangari, Katalin Karikó, ta yi shekaru a Amurka ana hana ta kuɗin bincike, har aka rage mata matsayi, saboda ta nace a kan mRNA alhali duk dabbar da aka yi wa allurarsa jikinta kumburi yake yi. A 2005 ita da Drew Weissman suka nuna cewa idan aka musanya harafi ɗaya daga cikin huɗun da wani ɗan'uwansa mai kama da shi, garkuwar jiki ba ta ɗaga murya sosai, keke kuma yana karantawa lafiya. An ba su kyautar Nobel a 2023. Ƙwallon maiƙon ma ba don korona aka ƙirƙire shi ba, tun 2018 aka amince da wani magani mai suna Onpattro da ke amfani da shi. Shi ya sa idan na ji ana cewa cikin wata goma aka ƙago allurar, nakan ce wata goma aka yi ana ɗora rufi a kan ginin da aka fi shekara talatin ana yi.

Raunin mRNA ne ya jawo maganar sanyi. Ta Pfizer da farko sai a firiza mai sanyin 70 ƙasa da sifili, ta Moderna a 20 ƙasa da sifili. A 2021 na tsaya a bakin wani ƙaramin asibiti a hanyar Dukku, na ga wata ma'aikaciyar lafiya ta sauko daga babur da kular rigakafi rataye a kafaɗa, rana na dukan ta. Kafin ta amsa gaisuwar kowa sai da ta shiga inuwa ta buɗe murfin kaɗan ta taɓa ƙanƙarar ciki da bayan hannu, sannan ta ɗago ta ce mana sannunku. Abin da ya lalace idan ƙanƙara ta narke na 'yan awoyi, shi ake tsoron zai zauna a jikin mutum har jikoki.

To ga amsar yayanki. mRNA a gaban shago yake tsayawa. Ba shi da makullin ƙurya, kuma ba ya zuwa da na'urar da ke mayar da RNA ya koma DNA, balle wadda za ta ɗinka shi a littafi. Yana aikinsa na 'yan kwanaki, ɓurɓushinsa in ya daɗe ya yi 'yan makonni, jiki ya share shi kamar yadda yake share nasa. Abin da ke saura shi ne tunanin garkuwar jiki. Ta AstraZeneca da ta Johnson & Johnson DNA suke ɗauke da shi kuma yana shiga ƙurya, amma a gefe yake zama, daga baya ya ɓace tare da ƙwayoyin da suka karɓe shi. Wannan ba ya nufin ba su da illa. An tabbatar da wani irin daskarewar jini mai haɗari, wanda ba kasafai ake samu ba, bayan allurar AstraZeneca da ta Johnson & Johnson, da kumburin tsokar zuciya a wasu samari bayan ta mRNA, wanda akasari ke warkewa. Sauya halitta ko hana haihuwa kuwa, bayan an yi wa biliyoyin mutane, ba a gan su ba.

Kuma kada ki raina tsoron yayanki. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, yara 11 suka rasu a gwajin, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanenmu suna da hujjar yin tambaya, mu kuma masu ilimin abin wajibinmu ne mu amsa dalla-dalla ba tare da tsawa ba.

Maganin sikila da kika ji a rediyo kuwa da gangan aka yi shi don ya taɓa littafin, kuma hanyarsa ta uku ce. Sunansa Casgevy. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a ranar 8 ga Disamba na shekarar, ga masu shekara 12 zuwa sama. Yana amfani da almakashin ƙwayoyin gado da ake kira CRISPR, wanda Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka bayyana a 2012. Abin sha'awa, bai gyara harafin da ya ɓaci ba. Ki tuna watannin farko na 'yarki: lafiyarta ƙalau har sai wajen wata shida, sannan hannu da ƙafa suka fara kumbura. Dalili shi ne jariri yana zuwa duniya da wani himogulobin na daban, na cikin ciki, wanda ba ya lanƙwashewa, sai bayan haihuwa wani makunni mai suna BCL11A ya kashe shi a koma na manya. Casgevy wayar wannan makunni yake yankewa a cikin ƙwayoyin da ke haifar da jini, sai jinin jarirai ya dawo. A gwajin da aka dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda cur ba tare da mummunan tashin ciwo ba.

Ga yadda ake shigar da almakashin. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da ƙurya ko littafi, don haka iyayensu ake nema, waɗanda ke zaune a cikin ɓargo. Ana ba mara lafiya maganin da ke koro su cikin jini, a tace su da na'ura, wani lokaci sai an yi zama biyu ko uku. A kai su masana'anta, a saka su a ɗan mazubi tare da almakashin, a sakar musu wutar lantarki na ƙasa da ƙiftawar ido. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: wutar na huda ƙananan ramuka a bangon sel, almakashin ya shige, ramukan su rufe. Wannan ba ya yiwuwa a ɓargon da ke cikin ƙashin mutum, dole sai an fito da ƙwayoyin waje. Lyfgenia, ɗayan maganin da aka amince da shi rana guda da Casgevy, shi ma a waje ake yin sa, da bairas mai ɗinka shafi, kuma a jikin takardarsa akwai gargaɗin sankarar jini.

Mataki mafi tsanani yana gaba. Kafin a mayar da ƙwayoyin da aka gyara, sai an share tsohon ɓargon da maganin sankara mai ƙarfi, busulfan, don su samu wurin zama. Gashi na zubewa, baki na yin gyambo, mutum ya yi wata guda ko fiye a killace a asibiti ba shi da garkuwa, ana ƙara masa jini. Busulfan yakan kashe ƙwayayen haihuwa, shi ya sa a can ake ciro ƙwan mace ko maniyyin namiji a adana tukuna. A al'ummarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce ga 'ya mace. Sannan wanda aka yi wa maganin har yanzu zai gadar wa 'ya'yansa S, wato ƙwayar gadon sikila, domin ɓargonsa kaɗai aka taɓa. Gwajin jini kafin aure yana nan a kansa. Kuɗin da aka sa wa Casgevy a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, sama da naira biliyan uku a canjin 2025, ban da kuɗin asibiti. Na Lyfgenia dala miliyan 3.1.

Wannan shi ke ci mini tuwo a ƙwarya. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu sikila, ana ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da ciwon kowace shekara, kusan mutum ɗaya cikin huɗu kuma AS ne. Maganin da ke buƙatar masana'anta, ɗakin killacewa da wutar da ba ta ɗaukewa, da bankin jini mai ƙarfi, ko an ba da shi kyauta ba zai kai Kumo ba. A ganina abin da zai kai shi ne ranar da aka samu ɗan aiken da za a ɗura a jijiya ya nemi ɓargo da kansa, babu fito da ƙwayoyi, babu busulfan. An kama hanya. A 2021 aka nuna cewa ƙwallon maiƙo na iya kai CRISPR cikin jikin mutum kai tsaye, a 2025 kuma likitoci a Filadelfiya suka yi wa wani jariri gyaran harafi da aka ƙera don shi kaɗai, ta wannan hanya. Sai dai dukansu a hanta ne. Ƙwallon maiƙo idan ya shiga jini wani furotin mai dakon kitse yake manne masa ya ja shi hanta, don haka cututtukan hanta ne suka fara amfana. Juya akalarsa zuwa ɓargo shi ne aikin da ake kai yanzu. Tun 2019 hukumar binciken lafiya ta Amurka da Gidauniyar Gates suka yi alkawarin dala miliyan 100 kowannensu kan neman irin wannan magani ga sikila da ƙanjamau, da Afirka a ransu. A 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka Nijeriya cikin ƙasashen Afirka shida da za a koya wa fasahar mRNA. Ina gaya wa ɗalibaina cewa duk wanda ke son yi wa yankin nan aiki, ya koyi haɗa waɗannan ƙwallaye.

Game da 'yarki, Malama, ina roƙonki abu ɗaya da babbar murya. Duk wanda ya zo miki da garin magani ko ƙwaya ko shayi ya ce yana gyara ƙwayoyin gado, ko yana mayar da SS ya koma AA, kada ki ba shi ko sisi. Kin ga irin shingayen da na lissafa. Abin da aka haɗiya a ciki yake narkewa kamar tuwo. Na san gidan da aka sayar da fili saboda irin wannan, aka kuma daina ba yaro maganin asibiti wata huɗu.

Warkewar da ake iya samu a ƙasar nan a yau ita ce dashen ɓargo daga ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ɓargonsu ya dace. An fara yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, na Jami'ar Legas ma ya fara a 2024. Yana da tsada da haɗari, kuma ba kowane yaro ke da wanda ya dace da shi ba. Amma akwai wani magani da ya daɗe, hydroxyurea, wanda aikinsa shi ne ɗaga wannan jinin jariran da Casgevy ke dawowa da shi, ko da yake bai kai shi ƙarfi ba. Ƙwaya ce da ake sha kullum, an gwada ta a kan yaran Afirka, tana rage tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini, kuma ana samunta a Gombe. Yarinyar da aka kwantar sau biyu a hunturu ɗaya ta cancanci a duba ko za a ɗora ta a kai. Ranar da za ki koma asibiti, ki nemi ganin likitan cututtukan jini ko na yara masu sikila a Asibitin Koyarwa na Tarayya, ki tambaye shi wannan magani da sunansa, da gwajin jinin da ake yi lokaci-lokaci ga mai shan sa. Ki kuma tambayi hoton jijiyoyin kai da ake yi wa yara masu sikila daga shekara 2 zuwa 16 don gano masu haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ki tafi da katinta da takardun kwanciyar nan biyu, ki rubuta ranakun da ciwon ya tashi a bana, domin da su likitan zai yanke shawara.